Tukur Magini da Hujin Waya a Bango

A Dandamisa aka haifi Tukur, a nan kuma muka binne shi. Magini ne. Mahaifinsa ginin ƙasa ya yi, shi kuwa ya taso daidai lokacin da mutane suka koma bulo da siminti, sai ya iya duka biyun. Ɗakin da nake kwana a ciki shi ya gina, kuma har yau ban ga tsaga a jikinsa ba. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya cinye masa tafin hannu har ba ya jin zafin kofin shayi. Ba ya surutu a bakin aiki. In ya ɗora bulo ya ga ya ɗan karkata, ko mai gida ya ce a bar shi haka, sai ya sauke ya sake ɗorawa.

Da rani yana gini, da damina yana gonarsa ta masara, yana kuma da ɗan yankin rake a fadama. Matarsa Bilki 'yar Gubuchi ce. Sun haihu da dama, amma yaran ba su tsaya ba, sai mace ɗaya, Naja'atu. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Uwata yake ce mata, tun tana rarrafe har ta girma.

Naja'atu ta koyi ɗinki tun kafin aure. Da ta auri Zakiyyu, wani direba mai jigilar rake da masara zuwa Zariya, suka zauna a cikin Makarfi, ta ci gaba da ɗinkinta a gida. Hannunta ya karɓu, mata suka yi ta kawo kaya har ɗaki ya yi mata kaɗan.

A shekarun nan ne wani attajiri ya ba Tukur ginin shaguna a bakin hanya a Makarfi. Layi biyu ne masu haɗa baya: na gaba suna kallon titi, na baya suna kallon wani lungu da ba a cika bi ba. Tukur ya kai kowane bangon tsakani har jikin kwano, bai tsaya iya silin ba kamar yadda ake yi. Ba wuta ce a ransa ba. Ɓarayi yake gudu, don ya sha ganin an fasa shago ɗaya an bi ta cikin silin an sauka a na maƙwabta. Da aka gama, Zakiyyu ya kama wa Naja'atu ɗaya daga na baya, saboda mata su riƙa shiga da fita ba tare da ratsa maza ba.

Shagon da ke haɗe da nata ta gaba na wani Gambo ne, mai sayar da lemo da ruwan sanyi. Wutar gari ba ta zama, sai Gambo ya sa sola, ya jera manyan batura a ƙuryar shago, kusa da firiza. Wata rana Tukur ya biya ya gaida 'yarsa, ya same ta tana taka keke gumi na zuba.

Bayan sun gaisa ta ce, "Baba, Gambo ya ce zai ba ni layi daga solarsa. In na samu sai in sa fanka, in sayi keken wuta na aikin ado. Amma Yahya mai wayarin ya ce bangon naka ya ƙi huduwa."

Tukur ya yi dariya. "Uwata, ai ba don a huda na gina shi ba. Ki ce masa ya jira ni gobe."

Washegari ya zo da guduma da ƙarfensa mai tsini. Ya hau tsani, ya shiga cikin silin, ya fasa rabin bulo a can sama kusa da kwano. Yahya, wanda saurayi ne mai ladabi, yana ƙasa yana riƙe da tsani, ya ce ɗan ƙaramin huji ma ya isa. Tukur ya ce gara a buɗe da kyau, in an so ƙarin waya nan gaba ba sai an sake wahala ba. Aka zura wayar, aka sauko da ita ta kusurwar silin ɗin roba na shagon Naja'atu, inda aka yanke ɗan gefe. Fanka ta juya. Naja'atu ta tsaya a ƙarƙashinta ta rufe ido tana murmushi. Tukur ya ba ni labarin wannan tsayuwar tata fiye da sau ɗaya.

Abin ya faru a cikin azumi, shekarar da azumin ya faɗo tsakiyar zafi. Sallah ta matso, ɗinki ya yi wa Naja'atu yawa, ba ta samun barcin kirki. Ranar da abin ya faru, bayan ta yi azahar a shago, sai ta jawo ƙofar ƙarfe ta saka sakata ta ciki, ta kwanta a tabarma ta ɗan huta. Sauran masu shagunan baya duk sun kulle sun tafi gida. Shi ma Gambo ya ja ƙofarsa ya tafi masallaci.

Daga wajen baturan wutar ta tashi. Ta kama katan-katan, ta kama ledoji da robobin lemo, ta hau silin. Kafin a fito daga masallaci hayaƙi baƙi ƙirin yana fita ta ƙasan ƙofa. Jama'a suka taru a bakin titi, aka ɓalle ƙofar Gambo, 'yan garuwa suka yi ta juye ruwa, wasu na watsa yashi, masu shagunan gefe na ta fitar da kayansu. Kowa yana ta gaba, inda wutar take. Wani ya leƙa lungun baya, ya ga ƙofofi a rufe, ya dawo ya ce ba kowa.

Tukur yana Dandamisa yana yi wa wani filasta aka kira shi a waya. Ya hau babur ya zo. Ya tarar an ci ƙarfin wutar, shagon Gambo ya ƙone ƙurmus, amma bangayen suna tsaye, na dama da na hagu ba abin da ya same su. Mutane suka kewaye shi.

"Baba Tukur, gininka ya yi! Ka ga wuta ko tsallakawa ba ta yi ba."

Ya yi godiya ga Allah, ya zaga baya, ya ga ƙofar 'yarsa a rufe, hankalinsa ya kwanta. Ya wuce gidanta don ya yi mata barka. Maƙwabciyarta ta ce tun safe da ta fita ba ta dawo ba. Ya kira wayarta, tana ƙara ba a ɗauka. Ya koma lungun da sauri. Sai a lokacin ya lura ba kwaɗo a ƙofar, daga ciki aka rufe ta.

Da gudumarsa ya ɓalle sakatar. Ba abin da ya ƙone a shagon. Atamfofi da shaddoji na Sallah suna nan a jere kan igiya, sai dai duk sun yi baƙi da toka mai maiƙo, kuma wari ya hana kowa shiga sai da aka jira. Shi bai jira ba. Naja'atu tana kwance a tabarma, fuskarta na kallon bango, kamar mai barci. Ya ɗauko ta ya fito da ita lungu, yana kiranta da sunan da ya saba. An kai ta asibiti, amma likita ya ce tun kafin a buɗe ƙofar ta cika. Zakiyyu yana hanyar Zariya da lodi, a waya aka gaya masa.

Ba wanda ya ɗora wa Tukur laifi. Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare, shi ma haka ya riƙa amsawa. Amma bayan an share makoki, ya koma Makarfi shi kaɗai, ya ari tsani, ya shiga silin ɗin shagon da tocila. A ɓangaren 'yarsa bangon fari ne fes, sai daidai hujin nan. Daga bakinsa baƙi ya bazu kamar an watsa tawada, ya bi wayar da ta narke, ya gangara har kusurwar da aka yanke. Ya daɗe a can sama. Mai shagon da ya ara masa tsani sai da ya kira shi kafin ya sauko.

Bai gaya wa Bilki abin da ya gani ba. Bayan Sallah ya shiga mota ya tafi Zariya, ya nemi ofishin 'yan kwana-kwana. Wani ma'aikaci mai furfura ya ba shi benci, ya saurare shi har ya gama.

Tukur ya ce, "Ranka ya daɗe, so nake a gaya mini gaskiya. Da ba hujin nan, da tana raye?"

Mutumin ya ce, "Baba, rai na Allah ne, ni ba zan iya ce maka da kaza da kaza ba. Abin da na sani shi ne, bango yana tare wuta ne in bai da kafa. Hayaƙi ya fi wuta sauri, kuma shi ya fi kashe mutane, musamman hayaƙin roba. Mai barci ba ya farkawa, sai dai ya ƙara nitsewa. Ita kanta wayar rigarta roba ce, tana ci tana kai wuta ɗaki na gaba."

"To ya ake yi? Waya dole ta wuce."

"A huda daidai ita. A sa ta cikin bututu, na ƙarfe in da hali, kada siminti ya ci jikinta. Sai a cike kewayen da kwaɓin siminti da yashi, ta wannan gefe da wancan, har kaurin bangon. Kada a cusa tsumma ko soso ko takardar buhu, waɗannan abincin wuta ne. Akwai wani abin liƙi da ake sayarwa a manyan birane, in ya ji zafi sai ya kumbura ya rufe bakin bututun. Amma ban san inda za ka same shi a wajenku ba. Ka yi da abin da ke hannunka, ya fi a bar shi a buɗe."

Daga wannan tafiyar Tukur ya zama wani mutum. Ya ɗaure kwanon sarki da cokalin gini a bayan babur, da ɗan siminti a buhu da guntayen bututu, ya fara bi shago-shago a Makarfi. Zai yi sallama, a gaisa a tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce, "Don Allah a ba ni izini in leƙa silinku." Ba ya karɓar ko sisi. Da farko mutane sun bar shi saboda tausayi, kowa ya san abin da ya same shi. Ya toshe hujin waya na layin shagunan da ya gina, ya toshe na masu kemis da masu cajin waya, ya shiga makarantun Islamiyya, ya shiga wani gidan haya mai ɗakuna a jere inda ya tarar waya ɗaya ta ratsa kowane ɗaki ta hujin da kai zai iya shiga.

Da ya gama da waɗanda suka san shi, ya fara zuwa inda ba a san shi ba, Ikara da Kudan da ƙauyukan tsakani. A can abin ya yi wuya. Wani ya ɗauka leƙen asirin ɓarayi yake yi, ya tara masa mutane, sai da wani direba da ya san Zakiyyu ya shaide shi. Wani ya ce shekara nawa yana shagonsa wuta ba ta tashi ba, kada a yi masa fatan tsiya. Wasu kuwa sukan bar shi ya hau, in ya juya baya su nuna kansu da yatsa, wai rasuwar 'yar ta taɓa shi. Yana ganinsu. Sai ya ci gaba da aikinsa.

Cikin silin da rana wuri ne da ba a daɗewa. Kwano yana gasa mutum ta sama, ƙura da kashin ɓera suna shiga hanci, kuma dole a taka kan katako kawai, in an kuskure a faɗo. Tukur ya haura sittin a lokacin. Yakan sauko jiƙe sharkaf yana tari, ya zauna a gindin bango sai numfashinsa ya dawo, ya hau babur ya wuce na gaba.

Gida ya fara jin jiki. Masu son gini suka gaji da jiransa suka nemi wasu. Raken fadama ya bushe a tsaye shekarar da bai samu zuwa ban ruwa ba, daga baya ya bayar da wurin aro. Bilki ta koma yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa don a ci abinci. Ita ba ta da inda za ta kai nata baƙin cikin, a gida take wuni ita kaɗai da akwatin kayan Naja'atu da aka dawo da shi. Wata safiya yana ɗaure kaya a babur ta fito ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, yau ma?"

"Akwai wata makaranta a Saulawa, an ce sun sa sola."

"Malam, ko na duniya duka ka toshe ba za ta dawo ba. Ni ma fa ni na haife ta. Ka zauna ko yini ɗaya mu yi maganarta, ba ka taɓa yi ba."

Ya tsaya da igiya a hannu. Ya ce, "In na zauna ba na iya numfashi, Bilki." Ya ƙarasa ɗaurin ya tafi. Ita ta gaya wa matata wannan, tana kuka.

Zakiyyu ya yi shekara yana zuwa gaishe su duk Juma'a. Daga baya ya sake aure ya koma Ikara, zuwan ya ragu, sai da Sallah. Ba su riƙe shi da komai ba. Gambo bai sake buɗe shago ba, ya koma ƙauyensu noma. Yahya mai wayarin kuwa ya daɗe yana kauce wa Tukur, in ya hango babur ɗinsa sai ya sauya hanya. Rannan suka yi kiciɓis a wani sabon gini, ba hanyar gudu. Yahya ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa ɗaga kai.

Tukur ya ce, "Tashi, Yahya. Kai ƙaramin huji ka ce. Abu ɗaya nake roƙonka, duk inda ka zura waya, ka rufe bayanka."

Yahya ya yi alkawari, kuma ya cika gwargwadon iko. Amma masu wayarin suna da yawa, ga masu sa sola, ga masu sa dish na talabijin, kowa da tsaninsa.

Abin da ya karya Tukur ke nan. A shekara ta uku ya ce bari ya koma ya duba wuraren da ya fara toshewa, ko simintin ya tsage. A gidan hayar nan na Makarfi ya tarar an fasa duk abin da ya yi. Wani ya zo sa sabuwar waya, ya ga wurin da aka riga aka huda ya fi sauƙin bugu, ya farfasa ya zura tasa ya tafi. Hujin ya fi na da girma. Haka ya gani a kemis, haka a shagunan da ya gina da hannunsa, har a bangon da ke tsakanin tsohon shagon Gambo da na 'yarsa, wanda yanzu wani mai sayar da katifa ke ciki. Ya sake toshewa. Da ya dawo gida ranar bai ci abinci ba.

An taɓa yin gobara a wani shagon magani a Gubuchi inda ya yi aiki, ɗakin da ke jikinsa, inda wata tsohuwa ke kwance ba lafiya, bai samu komai ba. Wasu suka ce aikin Tukur ne, wasu suka ce an dai kawo ruwa da wuri. Da aka ba shi labari ya ce Allah ya ƙara tsarewa. Bai je ya gani ba.

A Kudan ya faɗi. Wata makarantar Islamiyya ce mai azuzuwa a jere, ya gama rabi, yana rarrafe zuwa bango na gaba sai wani katako da gara ta cinye ya karye da shi. Ya faɗo ta cikin silin a kan benci, ƙugunsa ya karye. Yara ba sa nan, ranar Alhamis ce, mai gadi ne ya ji ƙarar. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka kai shi asibiti a Zariya, ƙashin bai haɗu daidai ba. Tarin da ya kwaso a cikin silin shi ma ya zauna masa a ƙirji.

Ya yi wata da watanni a kwance a zaure. Bilki ce ke juya shi, ita ke ba shi kunu a baki. A wannan zaman ne suka yi maganar Naja'atu da ta daɗe tana nema. Na sha zuwa in same su suna hira ƙasa-ƙasa, yadda ta fara tafiya, yadda ta ɗinka masa rigar farko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo kuma ya sa ta ya je Idi a haka. Wani lokaci har su yi dariya.

Yahya ya zo dubiya. Tukur ya yi masa maganar makarantar Kudan, ya ce saura azuzuwan gabas. Yahya ya je ya ƙarasa, ya dawo ya gaya masa. Tukur ya sa masa albarka, ya ce in ya samu sarari ya riƙa komawa yana dubawa, don za a fasa.

Ya rasu a daminar bara, ranar da aka wuni ana yayyafi. Mutanen da suka zo jana'iza ba su da yawa, galibi 'yan garinmu ne da tsofaffin leburorinsa, sai Zakiyyu da Yahya, da malamin makarantar nan ta Kudan da ya zo a kan babur cikin ruwa. Bayan Bilki ta gama takaba, 'yan'uwanta suka zo daga Gubuchi suka tafi da ita. Gidan yana kulle. Wanda ya karɓi aron fadamar shi ke noma ta, yana aika mata da rake in an sara.